Bakanon da Ya Sayo Duhu da Dala

Bawana Bakano, gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Ina fatan iyali suna lafiya, da fatan kuma ƙyaftawar fitilun gidanka ba ta kashe musu ido ba tukuna.

Labarinka ya iso Zariya, kuma ba maƙiyi ne ya kawo shi ba, yaron shagonka ne. Ya ce tun da ka shiga sana'ar haɗa allunan talla masu haske ka daina sayen kaya a Sabon Gari, wai 'yan kasuwar nan ribarsu ta yi yawa, kai za ka riƙa yo oda da kanka ta intanet. Ka sami wani shago mai hoton ƙatuwar masana'anta da ma'aikata cikin fararen riguna, ya sayar maka da naɗin ƙwayoyin LED masu sunan Cree a kan kuɗin da bai kai ushirin farashinsu ba, har ya yi maka gyara da tocila. Ka liƙa su a allon wani mai kemis da na wani mai gasa kaji. A makon farko sai da unguwa ta fito kallo. Kafin wata ya zagayo farin ya koma shuɗi-shuɗi, rabin haruffan sun mutu, mai kaji ya zo yana neman kuɗinsa, don a ƙarƙashin haskenka kajinsa sun koma ruwan toka, masu saye suna leƙawa suna wucewa.

Da wani ne aka yi wa haka, da jaje zan yi masa. Amma Bakano! Mutumin garin da kuke cika mana baki cewa duk wayon da baƙo ya shigo da shi zai tarar an riga shi. Na sha ganinka a Kantin Kwari kana sayen shadda. Sai ka zare zare ɗaya daga bakin ƙyallen, ka kunna masa ashana, ka shinshina hayaƙin, ka murza tokar tsakanin yatsu ka ji ko auduga ce ko roba. Ka ɗaga yadin ga rana, ka bi gefensa kana karanta rubutun da aka saƙa. Bayan duk wannan ka tambayi mai shago, "A wajen wane dila ka ɗauko?" In ya faɗi sunan da ba ka sani ba, ka ajiye masa kayansa ko da ya rantse da Alƙur'ani gezna ce daga Ostiriya. Wannan mutumin ne aka nuna wa hoto a waya ya tura dala ga wanda bai san ko sunan unguwarsu ba. Ina hankalin ya tafi? Ko a Kwari kake ajiye shi in za ka koma gida?

To zauna, yau Bazazzage zai karantar da kai, kuma kyauta, abin da Bakano bai taɓa yi wa kowa ba.

Ƙwayar nan da kake gani fara, asalinta shuɗiya ce. A tsakiyarta akwai ɗan mitsitsin dutse na sinadarin galiyam naitiraid mai ba da shuɗin haske, aka lulluɓe shi da wani rawayan gari da ake kira fosfo, shi ke sauya wani ɓangare na shuɗin ya koma rawaya, su haɗu ido ya ga fari. Jan LED tun 1962 aka same shi a Amurka, amma shuɗin sai da ya wahalar da masana shekara talatin. Wani injiniya Bajapane, Shuji Nakamura, ma'aikacin kamfanin Nichia, shi ya fito da mai haske sosai a 1993, kamfanin ya fara sayar da farin a 1996. Ka san ladan da aka ba shi? Yen 20,000, kuɗin da bai kai dala 200 ba. Ya kai ƙara, kotu a Tokiyo ta ce a ba shi yen biliyan 20, daga baya a 2005 aka sasanta a kan kimanin miliyan 840. A 2014 ya sami kyautar Nobel tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Da Bakano ne, tun ranar da aka miƙo masa yen dubu ashirin ɗin zai naɗe sirrin a aljihu ya je ya kama rumfa. Na kawo maka tarihin ne don ka san abin da aka kashe shekaru da biliyoyi a kansa ba a rabar da shi a intanet don Allah da Annabi.

Yaronka ya kawo mini guda daga cikin naɗin naka, da wasu ƙanana daga naɗi na biyu. Na kai wa wani mai gyaran waya a Samaru, ya ɗora ta ƙarƙashin madubinsa, ya taɓa ƙafafunta da tsinkayen mita yadda za ta ɗan kama kaɗan ba tare da ta kashe ido ba. Sai ga dutsen ya bayyana a tsakiya, ɗan tsurut, fili ya kewaye shi ta ko'ina. Muka buɗe takardar bayanan ƙwayar ta ainihi, wadda kamfanin Cree ya sa a shafinsa kowa ya sauke kyauta, muka kwatanta. Nasu dutsen ya kusa cika ɗakin, naka ko rabi bai kai ba, kuma ko zanen layukan da ke kansa bai yi kama ba. Mai gyaran ya ɗauko mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ya kara wa ƙananan na cikin naɗi na biyu, sai suka yi tsalle suka manne. Ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya sayi wannan?" Na ce wani Bakano. Ya ce, "Allah sarki."

Ga abin da ya gani. Dutsen shi ne mafi tsada a ƙwayar, don haka shi mai jabu yake fara ragewa. Ƙaramin dutse in aka ɗura masa wutar babba zai yi haske a ranar farko, har ya burge mai saye, amma yana dahuwa ne a ciki. Gindin da dutsen ke zaune a kai ya kamata ya zama jan ƙarfe mai rufin azurfa, don jan ƙarfe ke janye zafi da sauri, su kuma sai su sa baƙin ƙarfe, shi ya sa mayen ya kama. Siririyar wayar da ke haɗa dutsen da ƙafa ta zinariya ce a masu kyau, su sai su sa gauraye mai arha wanda zafi da sanyi ke tsinkawa, daga nan ne ƙyaftawa ke farawa kafin mutuwa. Fosfon mai arha ya ƙone, shuɗin da ke ƙasa ya fito fili, shi ne launin da ya kori masu sayen kaji. Sai dai kada ka ɗauki mayen ƙarfe ka shiga kasuwa kana tara wa mutane jama'a: 'yan dogayen nan masu ƙafa biyu, na milimita 5, ko na kirki sau da yawa ƙafarsu baƙin ƙarfe ce, kuma wasu sababbin ƙwayoyi ba su da siririyar waya sam, kife dutsen ake yi a liƙa. Takardar bayanai ce alƙali, ba ƙarfin murya ba.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka: mu Zagezagi da ba ma bambance mace da namiji a magana, mu ne za mu koya maka bambance kaya? E, mun yarda. Amma dai muna bambance jan ƙarfe da baƙi.

Kuma kada ka zo mini da waƙar nan ta "ɗan Caina ne ai." Kusan duk fitilar da ke gidana da gidanka daga Sin ta fito, mai kyau da marar kyau. Garin Guzhen a lardin Guangdong ba shi da sana'ar da ta wuce fitila, kasuwar Huaqiangbei a Shenzhen kuwa bene a kan bene ce ta kayan lantarki. Shi kansa Cree, kamfanin Amurka, ya daɗe yana da masana'anta a Huizhou. Akwai San'an na Sin da Epistar na Taiwan, suna yin dutse da sunansu, ba su ari na kowa ba. Wanda ya ce maka kayansa na kamfanin Sin kaza ne, lamba kaza, haske kaza, farashi kaza, ya fi maka alheri sau dubu a kan wanda ya manna Cree ko Osram ko Nichia ko Samsung a kan abin da bai san ma inda aka yi shi ba. Kai suna ka je saye da kuɗin marar suna, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai ma wani nau'in da ya fi wuyar kamawa, don shi ba jabu ba ne gaba ɗaya. In masana'anta ta gama ƙwayoyi, inji ne ke gwada su ɗaya bayan ɗaya ya rarraba su aji-aji bisa ƙarfin haske da launi da wutar da suke ci. T6 ɗin nan da ake bugawa a jikin kowace tocila, aji ne na ƙwayar XM-L, wadda ke ba da lumen 280 zuwa 300 a wani ƙayyadadden awo. Waɗanda suka faɗi jarrabawa, masu dishi-dishi da masu karkataccen launi, wasu kan saye su a kilo, su sake naɗe su, su buga musu takardar babban aji. Dutsen na gaske ne, sunan ajin ne ƙarya. Alamarsu ita ce in ka jera goma a allo ɗaya, wannan ta yi fari, waccan ta yi kore-kore, ta kusa da ita ta yi ruwan hoda. Lambobin 2835 da 5050 da 5730 kuwa da kake faɗa wa masu sayen kayanka da alfahari, girman ƙwayar ne kawai a milimita, 2.8 da 3.5, ko 5.0 da 5.0. Ba su ce komai a kan inganci ba.

Yanzu mu zo kan tocilar gyara, wadda aka ce kana nuna wa mutane a majalisa. An rubuta mata lumen 100,000 ko? Ɗauko kalkuletar da kake lissafin bashi da ita. XM-L ta ainihi in aka ba ta iyakar ƙarfinta, wat 10, tana ba da kimanin lumen 1,000. Lumen dubu ɗari ke nan sai ƙwaya ɗari da wat 1,000, wutar dutsen guga. Batirin da ke cikinta, 18650, na kirki daga Panasonic ko Samsung ko LG yana tsayawa ne a wajen 3,500 mAh, kuma da za a zuƙi wat dubu daga gare shi ko minti ɗaya ba zai yi ba. Naka an rubuta masa 9,900. Ɗora shi a sikelin masu gwal: na gaske yana kai giram 45 ko sama kaɗan, in naka ya tsaya a talatin to rabinsa iska ce. Ka kuwa cire shi daga ɗakin yara tun yau, wannan ba wasa nake ba, irinsu ne ke kumbura su kama da wuta a wajen caji.

Haka fitilar sola ta ƙofar gida, mai wat 500 a kwali. Auna fanel ɗinta. In santimita 30 ne da 40, ga lissafi: rana tsaka tana zubo kimanin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, fanel kuma yana kama kusan kashi ɗaya cikin biyar. Naka ke nan wat 24 in ya yi ƙoƙari, kuma in babu ƙurar hunturu a kansa. Abin da ya tara a wuni, in aka raba shi a tsawon dare, bai fi wat 12 ba. Sauran 488 ɗin suna jikin kwali. Kai da kake gane an tauye mudu tun daga nesa!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ka liƙa su. LED ba ta ƙuna a fuska kamar tsohon ƙwai mai zare, ta baya take fitar da zafinta, don haka dole a ɗora ta a kan alminiyon mai kauri da zai kwashe zafin ya watsar. An ce kai a kan roba ka manna, ka rufe akwatin ruf ba ko kafar iska, a Kano, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a inuwa. Ko Nichia ce da hatiminta sai ta ce ga garinku nan. Awa 50,000 da ake rubutawa, shekara biyar da 'yan watanni ke nan ba kashewa, ba a kan roba aka auna ta ba. Manyan kamfanoni suna kunna ƙwayoyinsu aƙalla awa 6,000 a zafi daban-daban, gwajin da ake kira LM-80, daga nan a ƙiyasta lokacin da hasken zai ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari. Ka tambayi mai sayarwa rahoton wannan gwaji na lambar da zai sayar maka. Mai gaskiya zai turo. Ɗaya kuwa zai turo maka hoton fure da "abokina, kaya mai kyau sosai."

Sai ɗan akwatin daidaita wuta, wanda masu gyara ke kira direba. Sau da yawa shi ke fara mutuwa a bar ƙwaya da laifi. Akwai kafasita a cikinsa wadda duk ƙarin zafi na digiri goma ke raba kwananta biyu, ga wutarmu mai hawa da sauka, ga janareta. Ka ɗora kyamarar wayarka a kan fitila, in ka ga baƙaƙen layuka suna gudu a fuskar wayar, to an yi rowar kayan ciki. In za ka matse hannu, matse a fenti da kwalliya, ban da nan.

To ina ake samun na gaskiyar? Tambayarka ta Kwari ita ce dai amsa: wane dila? Kowane babban kamfani yana da jerin dilolin da ya amince da su a shafinsa na intanet. Daga can ake farawa, ba daga hoton da ya faɗo maka a Facebook ba. A jerin za ka riƙa cin karo da irin su Digi-Key da Mouser na Amurka, RS da Farnell na Ingila, Arrow da Avnet. Su daga masana'anta suke ɗauka kai tsaye, kuma kowane naɗi yana da takardar da ta nuna cikakkiyar lambar kaya da aji da lambar rukunin da aka yi shi da lokacin da aka yi. Yakan zo a rufe cikin leda mai hana danshi, da 'yar jakar tsotse laima da ɗan kati mai ɗigo-ɗigo da ke sauya launi in iska ta shiga, don ƙwayar da ta sha danshi takan tsage in zafin dalma ya taɓa ta. Naka aka ce a ledar burodi ya iso. Kuɗin jirgi da na kwastan za su sa ka yi salati, na sani, amma ku nawa ne masu wannan sana'a a Kano? Ku haɗa kuɗi ku yi oda ɗaya. Ko da yake haɗa Kanawa biyar a kan asusu ɗaya, wannan sai dai a kira Bazazzage ya riƙe.

AliExpress da Alibaba da Temu da Jumia da Jiji kuwa kasuwanni ne, kowa da rumfarsa, akwai mutanen kirki akwai 'yan damfara. In a can za ka saya, ka nemi cikakkiyar lambar kaya, ba "mai haske sosai" ba. Ka duba shekara nawa rumfar ta yi. Taurari biyar ɗin nan yawanci ranar da kaya suka iso ake ba da su, ranar da kowace ƙwaya ke haske, don haka ka gangara ƙasa ka karanta masu tauraro ɗaya da waɗanda suka dawo bayan watanni. Ka fara sayen ashirin, ka auna wutar da suke ci, ka bar su a kunne mako biyu a cikin irin akwatin da za su zauna, ka ajiye guda a aljihun tebur don kwatanta haske. In sun ci jarrabawa ka yo babbar oda, ita ma ka sake gwadawa, don akwai masu aiko samfur na gaske su biyo shi da tarkace. Ka ɗauki bidiyo tun daga yanke ledar farko. Kuma duk wanda ya ce ku koma WhatsApp ka tura masa kuɗi kai tsaye zai rage maka, so yake ya fitar da kai daga inda za ka iya kai ƙara. Tambarin CE kada ya ruɗe ka, mai kaya ne da kansa ke bugawa. In harkar ta girma har ta kai kwantena, akwai takardar SONCAP ta hukumar SON, ka nemi sanin ta tun kafin kaya su iso tashar ruwa.

Mutanen Sabon Garin da ka raina fa, ribar da suke ci har da kuɗin kunya a ciki. Mutum yana nan a rumfarsa gobe da jibi, ka san ubangidansa, ka san masallacin da yake salla, in kaya suka mutu ka mayar masa. Ba dukansu waliyyai ba ne, amma ko ba komai akwai rigar da za ka riƙe.

Wata magana ta ƙarshe ta iso kunnena, wai ragowar naɗin kana shirin loda su a mota ka kawo Zariya, ka ce Zagezagi 'yan boko ne, in suka ga rubutun Turanci a kwali ba sa tambaya. To na riga ka. Na bi masu kayan wuta na Tudun Wada da Sabon Garinmu na ba su kamanninka: dogo, mai babbar riga, yana cin gurasa, yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Kowannensu ya tanadi mayen ƙarfe. Ka biya mai kaji kuɗinsa, ka sake wa mai kemis allo kafin wani ya sha maganin da ba nasa ba a duhu. Watan Cika-ciki kuma ya kusa, kuɗin sharata na bana ninki biyu ne saboda wannan karatu, kuma a hannu nake so, sababbin takardu, sai na ɗaga kowace ɗaya ga rana tukuna.